Wasiƙar da Farfesa Bai Karanta Ba

Lauya Zoraida Pabón ta baza takardun Nohemí a kan teburi kamar mai shanyar barkono, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, sannan ta tura tabaronta saman goshi.

"Dakta, sharuɗɗan nan shida ne. Hukumar shige da fice tana son ki cika aƙalla biyu kafin ta yarda ke fitacciyar mai bincike ce, ta ba ki zaman dindindin. Maƙalu kina da su, ɗaya ke nan. Ina na biyu? Kin taɓa cin wata babbar kyauta?"

"A'a."

"Jarida ta taɓa yin rubutu a kanki?"

"Sun zo sau ɗaya. Hoton Farfesa suka ɗauka. Hannuna ya fito a gefe, ina riƙe da ganye."

"Hannu ba ya samun biza, ƙanwata," in ji lauyar. "To alƙalancin aikin wasu fa? Mujallu ba sa turo miki maƙala ki tantance musu kafin su buga? Wannan ya fi kowanne sauƙi. Duk mai digiri irin naki yana da biyar ko shida."

Nohemí ta dubi yatsunta. Jar ƙasar gona ta riga ta rina ƙarƙashin faratanta, sabulu ya daina fitar da ita tun tuni.

"Na yi arba'in da bakwai."

"Arba'in da bakwai! To me kike jira? Kawo wasiƙun godiyar da editoci suka turo miki."

"Ba da sunana aka aika ba."

Lauyar ta ajiye biron. A waje motocin birnin Ponce suna ta ƙaho, fanka tana juyi a sama tana ɗaga gefen takardun.

Shekara shida ke nan da Nohemí Chamorro ta baro garinsu Pasto a Kolombiya ta zo Puerto Rico, ta kama aiki a tashar binciken kofi ta jami'a, can kan duwatsu inda ruwa ke sauka kullum da ƙarfe biyu na rana. Aikinta yaƙi da cutar tsatsa, wadda ke fesa wa ganyen kofi gari mai ruwan lemo har itacen ya tsiyaye. Da hannunta ta haɗa iri da iri, ta dasa itatuwa ɗari tara a kan gangare, kuma layuka uku daga cikinsu tsatsar ta zo ta wuce su ba ta taɓa ba. A watan Nuwamba za su yi 'ya'yan fari. Bizar aikinta kuwa ƙarshen Oktoba za ta mutu, kuma bayan shekara shida ba a sabunta irinta sai in an amince da takardar neman zaman dindindin. In ba haka ba, jaka za ta ɗauka saura mako biyu a tsinki kofin.

Ita kuwa maganar arba'in da bakwai, ga yadda take. Duk masanin da ya aika wa mujalla maƙala, edita kan tura ta a asirce ga wasu masana su duba, su faɗi ko ta isa bugawa. Farfesa Efraín Irizarry, shugaban tashar, babban suna ne, don haka kusan kowane wata sai an turo masa. Shi kuma sai ya tura wa Nohemí da layi ɗaya tal: "'Yata, Juma'a." Ta karanta, ta bi lissafin, ta rubuta shafi uku ko huɗu, ya ɗauka ya liƙa ya aika da sunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi. Shekara biyu da suka wuce, wata mujallar cututtukan tsirrai da ake bugawa a Brazil ta aiko masa da allon yabo na katako da farantin tagulla, wai shi ne gwarzon mai tantancewa. Nohemí ce ta riƙe masa ƙusa ranar da ya kafa shi a bango.

"Ki je ki same shi," in ji lauyar. "Dama kina bukatar wasiƙarsa ta shaida. Ki roƙe shi ya faɗi gaskiya a ciki."

Washegari ta tarar da shi a ofis yana warware zaren kamun kifi da ya harɗe. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, mai riga fara mai aljihu huɗu, wanda kowa a tashar ke cewa ba shi da mugunta. Ya saurare ta har ta gama, idonsa na kan zaren.

"Haba 'yar Pasto! Kin san abin da kike nema kuwa? Maƙalar da aka turo min amana ce. In na rubuta cewa na ba ki, ai na tsire kaina ke nan. Kuma koyar da ke nake yi. Wa ya koya miki tantancewa in ba ni ba?"

"Ba ka taɓa gyara min ko kalma ɗaya ba, Farfesa."

"To ai yabon ke nan!" Ya yi dariya har cikinsa na rawa. "Ji nan. Wasiƙa kam zan ba ki. Ki je ki rubuta yadda kowa ke yi, ki yabi kanki son ranki, ki ce ke ce kika ƙirƙiro ruwan sama, in sa hannu. Amma batun tantancewa ki bar shi. In ma abin bai yiwu ba, ai Kolombiya ba lahira ba ce. Can ma akwai kofi, ko sun daina?"

Ta ce ta gode. Kullum haka take cewa. Ta fito ta ja masa ƙofa a hankali.

Doña Migdalia, sakatariyar tashar, tana zaune a teburinta bakin ƙofar. Shekara talatin da ɗaya tana wurin, ta ga zuwan shugabanni huɗu da tafiyar uku. Ta yafito Nohemí, ta zuba mata kofi da madara a ƙaramin kofi, ta tura mata gutsuren burodi mai cuku.

"Zauna, 'yar nan. Fuskarki kamar an aiko miki da mutuwa."

"Ba komai, Doña."

"Ba komai ɗin gidanku. Ni bangon nan kwali ne, har numfashinsa ina ji." Ta rage murya, ta jawo aljihun tebur ta fito da takarda ɗaya. "Jiya ya ba ni wannan in buga masa. Na ce bari in jira Litinin, idona na ciwo."

Takardar neman rajistar sabon irin kofi ce. An cike lambobin layuka uku, layukan Nohemí, na goma sha huɗu da na goma sha biyar da na ashirin da biyu. A gurbin sunan iri an rubuta Irizarry. A gurbin wanda ya samar da shi, suna ɗaya ne. A gurbin ranar miƙawa, da rubutun hannunsa, an sa sha biyar ga Nuwamba.

"Ya ce min, Migdalia, kada ki damu da gaggawa, yarinyar ba za ta cika sharaɗi ba, kafin nan ta tafi. Yana faɗa yana cin gyaɗa."

Nohemí ta karanta takardar sau biyu. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Abin da ta ji wani sanyi ne ya sauko mata daga ƙeya har tafin ƙafa, irin sanyin asubar garinsu, sai ta ga komai ya fito tar. Da ma ba mantuwa ba ce, ba kuma tsoron edita ba ne. Lissafi ne. Ta tuna ranar da guguwa ta kwashe rumfar renon tsirrai, ta kwashe tukwane ɗari biyu ta kai ɗakin kwananta ta yi wata guda tana kwana a kujera. Ta tuna bikin auren ƙanwarta da ba ta je ba saboda itatuwan suna fure. Ta tuna ƙusar nan da ta riƙe.

Ta mayar da takardar, ta shanye kofinta har ƙasa.

"Doña, yaushe rabon da ki ga Farfesa ya karanta abu kafin ya sa hannu?"

Tsohuwar ta yi tunani da gaske. "Akwai wata rana a shekarar da aka yi min aikin gwiwa. Takardar gidan abinci ce."

Al'ada ce a wurin malaman jami'a, kowa ya sani, ba mai faɗa a fili: wanda ke neman wasiƙar shaida shi ke rubuta abarsa, babban ya sa hannu kawai. Nohemí ta riga ta rubuta guda biyar a madadin masana na ƙasashe huɗu, kuma kowace sai da ta ji kamar tana tuɓe kaya a kasuwa, don yabon kai bai taɓa zama a bakinta ba. Wannan ta shida kuwa ba ta ba ta wahala ba ko kaɗan. Shafi na farko ta cika shi da tarihin Farfesa, digirorinsa da muƙamansa, don ta san in ma idonsa zai sauka, nan zai sauka. A shafi na biyu ta rubuta, da muryarsa, cewa daga shekarar da ta zo zuwa yau Dakta Chamorro ce ta rubuta rahoton tantance maƙalu arba'in da bakwai da aka aika da sunansa, ba tare da ya canza komai ba, ta jera mujallun da ranakun. Ta ƙara da cewa layuka uku masu jure tsatsa ita ta haɗa irinsu, ita ta dasa, ita ta rene su, aikin nata ne. Shafi na uku gaisuwa ce da gurbin sa hannu. Ta bi wasiƙar layi-layi tana neman ƙarya ko ɗaya, kamar yadda take bin maƙalar wani. Ba ta samu ba.

Ta jira Juma'a. Duk Juma'a da sha biyun rana Farfesa kan sauka La Parguera, bakin teku, inda kwale-kwalensa yake, kuma kafin ya fita Doña Migdalia kan tara masa takardun mako ya sa musu hannu a tsaye, makullin mota a ɗaya hannun.

"Ga wasiƙata, Farfesa," in ji Nohemí. Muryarta ta fito siririya kamar kullum. "Shafi uku ce. Don Allah ka karanta kafin ka sa hannu."

"Ni? In karanta rubutunki? Yau aka fara?"

"Akwai abubuwan da na sa a shafi na biyu. Gara ka duba."

"Kin ce ke ce kika ƙirƙiro ruwan saman?"

"A'a."

"To kin yi sakaci." Ya ɗaga shafin farko, ya ga jerin muƙamansa, ya gyaɗa kai. "Kin manta na taɓa zama mataimakin shugaban tsangaya, amma ba komai. Migdalia, kin ga yarinyar nan? Shekara shida ba ta taɓa sa ni karatu ba. Irinta ake nema." Ya juya zuwa shafin ƙarshe ya zana sa hannunsa mai doguwar jela.

"Ni dai na ji ta ce ka karanta," in ji Doña Migdalia tana buga hatimin tashar a kai. "Sau biyu ma."

"Ke ma kin cika surutu. Sai Litinin, in kifi ya bar ni!"

Da ƙarar motarsa ta ɓace a gangare, Nohemí ta ɗauki wasiƙar. Ta sa ta a jaka.

Lauya Zoraida ta karanta wasiƙar ranar Litinin, ta kai tsakiyar shafi na biyu ta ɗago kai.

"Shi ya sa hannu a wannan? Da ransa da lafiyarsa?"

"A gaban shaida."

"Kin tabbata duk abin da ke ciki gaskiya ne? Don in akwai ƙarya ɗaya, ni da ke duka mun shiga uku."

Nohemí ta ajiye mata babban fayil. Saƙonni arba'in da bakwai, kowanne da layinsa ɗaya, "'Yata, Juma'a," kowanne da rahoton da ta mayar a maƙale.

"Shi ke nan," in ji lauyar tana murmushi. "Wannan ya isa. Shugaban tsangaya ya riga ya sa hannu a takardar da jami'a ke nema miki zaman da ita, gobe in aika. Jami'in da zai duba yana can wata jiha, bai san Irizarry ba, bai damu da shi ba. Ba mai ji, ba mai gani. Ki samu katinki na zaman dindindin, shi ya ci gaba da kamun kifinsa."

"Ina so in aika wa editar Brazil kwafi."

"Don me?"

"Ta tabbatar da rahotannin."

"Kada ki raina min hankali, Dakta. Ba tabbatarwa kike nema ba, fatarsa kike nema." Lauyar ta cire tabaron gaba ɗaya. "Ki saurare ni. Ke ma kin karanta maƙalun da ba a ba ki izinin gani ba. Matar nan tana iya cewa ku biyun ɓarayi ne, ta rubuta wa jami'a. In jami'a ta tsorata ta janye takardarta, ba ni da abin da zan yi miki. Kin riga kin ci. Wanda ya ci ba ya komawa ya tsokani kare."

Nohemí ta san gaskiya lauyar ta faɗa. Ta hango kanta da kati a jaka, tana wucewa ta ƙofar ofishinsa kowace safiya, allon nan yana nan a bango yana ƙyalli, saƙo na arba'in da takwas yana jiran ta a kwamfuta.

"Ke ya ishe ki," ta ce a hankali. "Ni bai ishe ni ba."

"Allah ya raba mu da fushin mai shiru," in ji lauyar. "Ni dai ban ji ba, ban gani ba."

A ranar ta aika. Layi huɗu ta rubuta wa editar, Farfesa Iracema Dantas, ta haɗa da wasiƙar da rahotanni goma sha tara da suka shafi mujallarta.

Kwana tara ba amsa. Nohemí ta rame. Takan hau gangaren da safe ta bi layi na goma sha huɗu tana juya ganye tana duba bayansa, alhali ta san babu komai. 'Ya'yan kofin sun yi kore shar, sun cika rassa. Farfesa ya wuce ta sau biyu yana fito, har ya kawo mata kifi a leda. Ta karɓa ta ce ta gode, ta ba Doña Migdalia.

A rana ta goma kira ya shigo ta kwamfuta. Editar ce, tsohuwa siririya mai farin gashi gajere, bayanta duk littattafai. Ba ta yi gaisuwa mai tsawo ba.

"Maƙalar da aka turo daga Honduras, shekara uku da suka wuce. Me ya sa aka ƙi ta?"

"Sun ce sun auna ganye a gonaki goma sha biyu," in ji Nohemí ba tare da ta duba takarda ba. "Amma alƙaluman gona ta huɗu da ta tara iri ɗaya ne har ɗigo. Gona ɗaya suka ƙirga sau biyu."

Tsohuwar ta gyaɗa kai.

"Na haɗu da Irizarry a wani taro bayan wannan. Na yaba masa a kan gonar nan ta tara. Ya dube ni kamar na yi masa yaren aljanu, ya ce in zo ya nuna min hoton wani kifi. Tun ranar abin yake min ƙaiƙayi." Ta gyara zama. "Kada ki ɗauka na ji daɗinki, yarinya. Shekara shida kina karanta amanar mutane kina shiru. Da kin rubuto min tun a ta farko."

"Bizata a hannunsa take."

"Na sani. Shi ya sa zan rubuta miki wasiƙar. Zan faɗi cewa rahotanni goma sha tara naki ne, kuma ba mu taɓa samun waɗanda suka fi su ba. Zan kuma faɗi cewa ba ta hanyar da ta dace suka zo ba, don ni ba na rabin gaskiya. Shi kuma zai ji daga gare ni yau."

Ya ji kuwa. Da ƙarfe uku, ana tsakar ruwa, Nohemí na ɗakin gwaje-gwaje tana jera ganye a faranti, ƙofa ta bugu da bango. Fuskar Farfesa ta yi jawur, takarda a hannunsa.

"Ke! Munafuka! Macijiya! Ni za ki yi wa haka? Ni da na ɗauko ki daga ƙauyenku ba ki san kowa ba?"

"Pasto birni ne, Farfesa."

"Sun cire ni daga kwamitin mujalla! Sun ce in mayar da allon! Editar ta tura wa shugaban tsangaya kwafi! Yaudarata kika yi, kika sa na sa hannu a abin da ban sani ba!"

"Sau biyu na ce ka karanta."

"Yanzun nan zan kira shi in ce ban san abin da ke cikin wasiƙar ba. In janye ta. Mu ga wanda zai ba ki katin!"

Nohemí ta ajiye ɗan hantsakin da ke hannunta. Ta yi mamakin yadda muryarta ta zauna daram.

"To ka kira shi. Ka ce masa kana sa hannu a takardar da za ta je hannun hukuma ba ka karanta ba. Sai ya tambaye ka rahoton da muke aika wa ma'aikatar noma duk shekara, ko shi ka karanta. Da kundin ɗalibai goma sha ɗaya da ka ce sun ci digiri. Ni na san wanda ya karanta su. In kuma ka ce ka karanta wasiƙar, to gaskiya ce ka sa wa hannu. Ka zaɓi wadda ta fi maka sauƙi."

Ruwa na ta dukan kwanon rufi.

"Na ɗauke ki kamar 'yata," ya ce daga ƙarshe, muryar ta faɗi.

"Na ga takardar rajistar. Sha biyar ga Nuwamba."

Ya juya ya dubi ƙofa. Doña Migdalia na tsaye a can da butar kofi, ko kunya babu.

"Idona ne ke ciwo, Farfesa," ta ce. "Na ba ta ta karanta min."

Bai kira kowa ba. Shugaban tsangaya ne ya kira shi, suka shafe awa biyu a rufe, kuma abin da aka ji daga baya shi ne Farfesa zai sauka daga shugabancin tashar a ƙarshen shekara don ya huta. Jami'a ba ta janye takardar Nohemí ba, amma shugaban tsangayar ya daina amsa gaisuwarta da fara'a, wasu malamai biyu kuma suka koma yin shiru in ta shigo ɗakin shan kofi. Ta lura da hakan, ta auna shi, ta ga za ta iya ɗauka.

A tsakiyar Satumba hukumar shige da fice ta rubuto cewa wasiƙar shugaba kaɗai ba ta wadatar ba, tana son shaida daga mujallar kanta cewa Nohemí ta yi alƙalancin. Lauya Zoraida ta kira ta tana dariya.

"Ke mayya ce? Abin da na hana ki shi suke nema. Turo min wasiƙar tsohuwar nan yanzu, kuma kada ki kuskura ki ce kin gaya min."

"Ban ce komai ba."

"Shirun naki ma magana ne."

Ranar tara ga Oktoba amincewar ta zo. Katin kansa sai daga baya, in ji lauyar, amma za a tsawaita bizar, ba inda za ta. Nohemí ta karanta saƙon a tsaye a tsakiyar layi na ashirin da biyu, takalmanta sun nutse a laka. Ta karanta shi sau uku. Sannan ta zauna a kan wani dutse ta daɗe, tana kallon 'ya'yan kofin da suka fara ɗaukar ja daga gindin reshe.

Da ta sauko, ta bi ta ofis don ta gaya wa Doña Migdalia. Ƙofar Farfesa a buɗe take. A bango, inda allon yake da, akwai wani fili mai kusurwa huɗu da fentinsa ya fi na kewaye haske, da ƙusa a tsakiya. Ta tsaya ta kalle shi fiye da yadda ya kamata, kuma ba ta yi wa kanta ƙarya ba, daɗi ta ji.

Shi yana zaune a ƙarƙashin ƙusar, tabarau a hanci, gabansa wata maƙala mai kauri da wata mujallar da labari bai kai mata ba tukuna ta turo. Yana shafi na biyu. Ya ɗago ya gan ta.

"Na ji an amince," ya ce.

"An amince."

Ya yi ɗan tari, ya taɓa takardun. "Wannan lissafin nasu na zamani... ban san ko za ki ɗan leƙa min ba. Teburi na uku kawai. Juma'a suke so."

Nohemí ta shiga ofishin. Ta zaro jan biron da ke aljihun rigarta, wanda ta tauna murfinsa har ya lanƙwashe, ta ajiye masa a kan maƙalar.

"Ka fara daga shafin farko, Farfesa," ta ce. "Ka bi a hankali. In ka tsallake, a nan ake samun matsala."

Ta fito. Doña Migdalia ta riga ta ɗora sabuwar takardar rajistar iri a kan teburi, gurbin suna babu komai, tana jiran ta.